Shinkafar da Ta Cinye Akuyar Gwaggo

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ana fitowa daga masallacin unguwarmu, Malam Sule direba ya danna hon sau biyu a ƙofar gida. Ni kuwa tun ƙarfe huɗu nake zaune a kan akwatina da mayafi a kafaɗa. Zumuɗi ya hana ni ko kurɓar shayi.

Bari in faɗa muku dalilin zumuɗin. Shekara shida ke nan ina 'yar sana'ar kai mata yawon buɗe ido daga Kano. A da Damagaram muke zuwa, mu yi kwana huɗu, mu dawo da turare da kilishi da takalman fata. Sai abubuwa suka juya. Kuɗin takardar ƙetarawa da mota ya hau, tsarabar da aka sayo sai an biya mata haraji a kan iyaka, sefa ta yi wa naira nisa, man fetur kuma kun san labarinsa. Bara sau ɗaya na fita, bana ko sau ɗaya. Malam Sule ya ce mini in watan nan ya mutu ba tafiya, zai cire kujerun bas ɗinsa ya koma dakon hatsi.

Shi ne na ce, me zai hana in kai mutane ƙasarmu? Kazaure, Babura, Gwiwa, a ƙare a Roni garin iyayena. Kwana uku, ba ƙetare iyaka, ba canjin kuɗi. Na je na sami Hajiya Turai, shugabar wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa su talatin, wadda ita kanta dillaliyar kayan abinci ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Zan zo da mutum shida in gani. In na gamsu, mu talatin naki ne. In ban gamsu ba, 'yata, sai ki nemi wata sana'ar." Ba ta da wasa, kuma ba ta da ƙarya.

Babban abin da na tallata musu shi ne burabuskon Gwaggo Falmata, ƙanwar babana. Kakanninmu daga gabas suka zo Roni, suka taho da wannan abinci na tsakin gero, kuma duk danginmu ba mai hannunta. Saura mako guda na kira ta a waya. Na ce, "Gwaggo, manyan mata ne fa, masu zuwa ƙasashen waje. Don Allah kada a ba ni kunya." Ta ce, "To Uwani, na ji." Haka take kirana saboda sunan mahaifiyarta na ci. Ban ambaci burabusko ba, don a ganina ba sai an faɗa ba. Ku riƙe wannan wayar a ranku, za mu dawo kanta.

RANA TA FARKO: KAZAURE

Kafin mu gama ɗaukar matan gida-gida shida da minti goma ta yi. Hajiya Turai ta zauna a gaba, da carbinta da jakarta a cinya. Bakwai da minti ashirin muka tsaya a Dambatta, aka sha koko da ƙosai mai zafi. Takwas da kwata duwatsun Kazaure suka fara leƙo mu. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, har kan duwatsun ciyawa ta rufe. Malama Asabe, wadda ta fi kowa surutu a motar, ta manna wayarta a gilashi ta ce, "Wai nan Jigawa ce? Shekara nawa ina wucewa Daura idona a rufe?" Na ji kamar in sauka in yi rawa.

A bakin dam Baba Audu mai kwalekwale yana jiranmu. Tun ina yarinya na san shi. Na hango injin jirginsa a kwance ƙarƙashin bishiya, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Ga shi kuwa na yi wa matan alkawarin jirgi mai inji.

"Baba, lafiya injin yake kwance?"

"Wata takwas ke nan, 'yar nan. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye, bai fi yatsana ba. Mai kayan ya ce daga waje ake kawo shi, kafin ya fito daga tashar ruwa harajinsa ya ninka kuɗinsa. In saya in ɗauki wa? A da, ranar hutu sai in yi sawu goma. Yanzu mai zuwa kallon ruwa sai ya fara lissafin kuɗin mota."

"To yaya za mu yi?"

Ya ɗaga filafilinsa ya ce, "Da wannan na fara, kafin a haife ki."

Aka raba mu sawu biyu, naira ɗari biyar kowane kai. Ashe rashin injin alheri ne. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai sautin filafili a cikin ruwa. Muka ratsa ta cikin bado, balbelu na zaune ba su ko motsa ba har muka kusa taɓa su. Asabe ta fara da salati tana riƙe da gefen jirgi, ta ƙare tana roƙon a ba ta tuƙi. Da muka fito aka soya mana karfasa a nan bakin ruwa, da yaji da albasa.

Na saci kallon Hajiya Turai. Ta cinye kifinta tas, ta wanke hannu, ta ce, "Uhm." Shi ke nan. Wannan "uhm" ɗin ya bi ni har kwana biyu, ban san na yabo ba ne ko na kushe.

BABURA

Sha ɗaya da rabi muka tashi. Muka ɗan dawo baya, muka karya kwana gabas, muka bi ta Kanya Babba. Gonakin gero an girbe, dammuna a jere a bakin hanya, riɗi kuma an tsayar da shi yana bushewa. Dab da Babura muka tarar da shingen masu duba kaya. Jami'in ya leƙo cikin ladabi ya ce, "Hajiyoyi, biki za a je?"

"Yawon buɗe ido," in ji Malam Sule.

"A Babura?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya, ya ce, "Wallahi ku ne na farko. Allah ya kiyaye hanya."

Ɗaya saura kwata muka shiga gari, muka yi azahar, muka faɗa kasuwa. Nan ne na fi jin daɗi, nan ne kuma na ɗan ji ƙwalla. Na nuna wa matan hanyar da ta miƙe arewa, na ce, "Ta nan muke bi da, in za mu Damagaram." Sai ga shi Damagaram ɗin ta zo ta same mu. Wani dattijo ɗan Nijar da rawaninsa ya baje dabino da cuku da kilishi a kan tabarma. Matan suka yi masa rumfa.

"Alhaji, da naira ko da sefa?" in ji Asabe.

"Kowacce kika kawo, Hajiya, ni dai in koma gida. A da mota biyu muke cikawa mu zo, har da masu rakiya don su ga gari. Yanzu mu huɗu ne muka haɗa kaya a mota guda. Can a biya, nan a biya. Masu zuwa kallo kuwa sun daina, sai mu da ya zame wa dole."

A layin 'yan hatsi Hajiya Turai ta tsaya gaban mai shinkafa 'yar waje. Ta damƙi kaɗan, ta shinshina, ta tambayi kuɗin kwano. Da ya faɗa mata ta zubar da ita cikin buhun, ta kakkaɓe hannu. Ta ce, "Wannan ai haraji ake dafawa, ba shinkafa ba." Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na san abin da ke jirana a Roni da ban yi ba.

Shida saura minti ashirin muka dawo Kazaure. Masaukin da na kama mana ɗaki ashirin gare shi, amma shida kawai ake buɗewa. Mai kula da wurin ya ba mu haƙuri tun a ƙofa, ya ce janareta daga magariba zuwa goma ne. Sun so su sa wutar sola, kuɗin batir ya kore su. Baƙin Nijar da suke cika musu ɗakuna a da sun ɗauke ƙafa. Muka shimfiɗa darduma a tsakar gida, aka sayo gurasa da tsire, iska na kaɗawa daga wajen dam. Ba wadda ta yi ƙorafi.

RANA TA BIYU: GWIWA

Bakwai da rabi muka kama hanya, takwas da minti ashirin muna Gwiwa. Malam Sule a nan ya yi aure, surukansa Fulani ne da suka zauna wuri guda, suna noma suna kiwo. Shi da yake zazzare mana ido a mota, yana isa rugar ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, muryarsa ta koma kamar ta mai mura. Matan suka samu abin tsokana har muka dawo Kano.

An gama tatsa ke nan. Surukar tasa ta dama mana fura a ƙwarya, da nonon da ya kwana, aka miƙa wa kowa ludayi. Asabe ta ce a nuna mata yadda ake kaɗa mai a gora, ta kaɗa sau goma ta ce hannunta ya mutu. Muka zaga gonar gyaɗa ana cira, kowa ta cika gefen mayafinta. Aka sayi man shanu kwalba tara, wanda ya faranta wa matan rugar rai ƙwarai.

Hajiya Turai ta ƙara fura sau biyu. Ta ajiye ludayi ta ce, "Uhm." A raina na ce, ki yi ta uhm ɗinki, Hajiya, yau Gwaggo za ta buɗe miki baki.

RONI

Biyu saura kwata muka iso. Lungunmu mota ba ta shiga, sai muka bar ta a bakin titi, 'yan acaɓa suka kwashi akwatuna, mu muka taka. Ina gaba ina ta zuba: ga dutsen da muke hawa muna yara, ga rijiyar kakana, yanzu za ku zauna a tabarmar kaba a inuwar darbejiya, za ku ci abin da ba a sayarwa a ko'ina.

Na yi sallama na shiga, sai na tsaya cak. Na ɗauka gidan wani na faɗa.

An kafa rumfar haya a tsakar gida, irin ta biki. Fararen kujerun roba a jere, tebur da leda mai furanni, lemon kwalba a cikin bokitin ruwa. Tabarmin Gwaggo, da ƙorai, da faya-fayan da suke rataye a bango tun ina ƙarama, duk an kwashe. Ita kanta ta fito cikin atamfarta ta Sallah, tana ta washe baki, tana "Lale marhabin da manyan baƙi." Aka buɗe kuloli. Shinkafa ce 'yar waje, dafa-duka, da kaji a kwance a kai. Ita dai wadda Hajiya ta zubar jiya a Babura.

Matan suna da kunya, suka zauna suka fara ci, suna yaba gida. Amma hirar da ta cika mota kwana biyu ta mutu. Hajiya Turai ta kai cokali uku, ta ajiye. Wannan karon ko "uhm" ɗin ban samu ba. Ta dube ni ta ce, "Ina burabuskon?"

Na ce ina zuwa. Na zagaya bayan ɗaki, raina a ɓace, ina shirya faɗan da zan yi. A nan na ga turke. Igiya na kwance a ƙasa, ga ragowar harawa, amma babu Ja, akuyar Gwaggo mai haifar tagwaye, wadda take saya mata magani da sabulu shekara da shekaru. Gwaggo ta biyo ni tana goge hannu da zani.

"Gwaggo, ina Ja?"

"Ta tafi kasuwa."

"Kika sayar da ita? Saboda me?"

"Ke kika ce kada a ba ki kunya, Uwani. Na aika a tambayo abin da manyan mata suke ci, aka ce 'yar waje. Da aka faɗa mini kuɗinta, da na kaji, da hayar kujeru, na duba gidan nan ban ga mai biya ba sai Ja." Ta ɗan leƙa fuskata. "Ko ba ta dahu ba ne?"

Na fasa faɗan da na shirya. Na ce, "Burabusko na ce musu za su ci."

"Tsakin gero?" Ta kama haɓa. "In sa wa baƙin birni abin da muke ci kullum? Ai sai a yi da ni a gari. Ga shi can na yi mana namu a madafa, in sun tashi ma ci."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ni ce na raina gidanmu a waya, ita kuma ta biya da akuyarta. Na durƙusa a wurin ina hawaye, ina ba ta haƙuri, ita tana cewa, "To mene ne na kuka, ai dabba ce."

Sai muka ji gyaran murya. Hajiya Turai ce da buta a hannu, ta zagayo alwala. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta wuce mu ta sunkuya ta shiga madafa. Muka bi ta. Ta ɗaga faifan da aka rufe tukunya da shi, tururi ya taso, ƙanshin man shanu da miyar yakuwa da gyaɗa ya cika wurin. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta wanke hannu, ta zuba da kanta.

"Hajiya, ranki ya daɗe, hayaƙi," in ji Gwaggo. "Kayanki za su ɓaci."

Hajiya ta kai loma, ta lumshe ido. Ta sake kai wata. Sannan ta ce, "Gwaggo, shinkafa ita ce sana'ata, da ita nake kwana nake tashi. Ba don ita na baro Kano ba." Ta ɗaga murya: "Asabe, ku taso, abincin yana nan."

Kafin ka ce me, kujerun haya sun zama marayu. Mata bakwai suka cika madafa da bakin ƙofarta, da gwala-gwalansu, ana ta miƙa hannu. Tukunyar ta mutanen gida ce, ba ta isa ba, aka sake ɗora wata, Asabe na tankaɗe tana shan gyara. Shinkafar kuwa aka rarraba wa maƙwabta, suka yi Sallah ba shiri.

Bayan la'asar Hajiya ta zaro kuɗi daga jaka ta miƙa wa Gwaggo. Nan take fuskar Gwaggo ta canja. Ta ce, "Hajiya, gidana ba gidan sayar da abinci ba ne. Baƙo ya ci ya biya? Ba a yi mini haka ba, ba zan fara ba." Hajiya ta mai da kuɗinta ba musu. Sai ta ɗauki faifan nan na kan tukunya tana jujjuya shi. Launinsa ja ne mai duhu da ruwan kaba, saƙar ta yi lafiya ƙwarai.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Ni ce. Ba shi da kyau ai. Tun da galura ta yi tsada na koma rini da karan dafi irin na iyayenmu, masu saro suka ce ba ya ɗaukar ido. A da masu zuwa hawan dutse suna saya, su ma sun daina zuwa. Suna nan jibge a ƙarƙashin gado."

"A fito da su. Abinci ba a sayarwa, na yarda. Faifai fa?"

Gwaggo ta ce, "Faifai kam sana'a ce."

Aka zube su a kan tabarma, don tuni an dawo da tabarmin. Hajiya ta ɗauki guda ta ce, "Ɗari biyar."

"Na sallama."

"Haba Gwaggo, wa ya koya miki ciniki? Tayin farko ake sallamawa? Ki ce albarka."

Gwaggo ta dube ni, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce a hankali, "Albarka."

"Dubu ɗaya."

"Albarka."

"Dubu da ɗari biyar."

"Albarka." Yanzu muryar ta fito sosai.

"Dubu biyu, kuma daga nan ba zan ƙara ko sisi ba."

"Albarka, Hajiya."

"To, yanzu kuma kin wuce gona da iri," in ji Hajiya, ta fashe da dariya. Wannan ne karon farko da na ga haƙoranta. Aka daidaita, matan suka yi wawaso, har ana jayayya a kan wani mai zanen tauraro. Ba a bar ko ɗaya ba sai na kan tukunya.

Da rana ta yi sanyi muka hau dutse. Daga sama ana ganin garin gaba ɗaya, da gonakin dawa da ba a girbe ba, da shanu suna dawowa. Gwaggo ba ta hau ba, tana ƙasa tana sallamar masu kujeru.

RANA TA UKU: GIDA

Kuɗin faya-fayan bai kai na akuya irin Ja ba, na sani. Da safe na shiga ɗakin Gwaggo na tura 'yar ribar da na samu ƙarƙashin matashinta, na ce goro ne daga 'yarta, wannan kam ba ta da ikon mayarwa. Ta harare ni ta ce, "Wata akuyar za a samu, amma ba Ja ba." Gaskiya ta faɗa.

Tara daidai muka tashi, da ƙullin tsakin gero a jakar kowa. Muka sha mai a Kazaure, Malam Sule na ta tsaki a gaban famfo. Sha biyu saura minti ashirin muka shiga Kano. Hajiya Turai ce ta ƙarshen sauka. Duk hanya hukuncinta nake jira. A ƙofar gidanta ta sauko, ta gyara mayafi, ta leƙa ta taga ta ce wa Malam Sule, "Kada ka cire kujerun nan, kuma ka nemo mota ta biyu." Sannan ta juyo gare ni.

"Mu talatin, bayan Sallah. A ce wa mai kwalekwale kada ya gyara injin saboda mu."

"Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yau ɗin nan zan kira Gwaggo in shaida mata."

Ta miƙo mini wayarta ta ce, "A'a. Sa mini lambarta a nan. Ni zan kira ta. Ke in kika kira, wannan karon sai ta sayar da gidan."

Na sa mata lambar, kaina a ƙasa, Malam Sule na ƙunshe dariya a bayan sitiyari.

Sha biyu da rabi na shiga gida lafiya, na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Baba Audu da filafilinsa, da mutanen rugar Gwiwa, da Malam Sule, da matan da suka yarda suka bi ni. Gwaggo Falmata kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba. Igiyar Ja na ɗauko ta ba ta sani ba, tana nan rataye a jikin ƙusar da nake ajiye wayata.